Zumunci A Ƙafa Yake

Jama'a, akwai wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashen Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wadda nake so mu duba ta tare, ko ma ƙaru da ita. Al'adar ita ce gari ya ƙulla abota da wani gari na wata ƙasa, su riƙa aika wa juna samari da 'yammata, kowa ya sauka a gidan mutanen can, ya ci abin da suke ci, ya ga yadda suke zama.

Ga misali. A 1940 jiragen saman Jamus suka ragargaza birnin Koventri na Ingila. A 1945 kuma jiragen Ingila da Amurka suka ƙone birnin Diresdin na Jamus. Amma a 1959 sai ga biranen nan biyu sun zama aminan juna. Haka kuma Faransa da Jamus, waɗanda suka sha gwabzawa, a 1963 suka yi yarjejeniya, suka kafa ofis musamman don musayar samari. Shugabanninsu sun gane cewa takarda ba ta kashe gaba. Abin da ke kashe ta shi ne yaro ya kwana a ɗakin wanda aka ce masa maƙiyinsa ne, gari ya waye ya ga ashe mutum ne kamarsa.

Na ji waɗansu 'yan'uwana 'yan makaranta suna cewa, ina ma Kafanchan ta sami ƙawa a Turai, mu ma a ɗebe mu a jirgin sama. Ban ƙi ba, tafiya mabuɗin ilmi ce. Baƙi ma ba sabon abu ba ne a gare mu. Tun wajen 1927, da garin nan ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, Ibo da Yarabawa da Hausawa suka zo suka zauna tare da mutanen ƙasar. Tun 2005 kuma masana daga jami'ar Farankfot ta Jamus suka yi shekaru suna tonon kayan tarihin Nok, har aka nuna su a birninsu a 2013. To, ga tambayata. Mu nawa ne a ajinmu muka taɓa taka ƙauyen Nok, ga shi nan kusa da Kwoi? Bature ya ƙetaro teku ya gani, mu kuwa sai labari.

Don haka ni a ganina, musayar da ta fi zama mana wajibi ita ce ta gida. Kada mu ruɗi kanmu. Tashin hankalin watan Maris na 1987, wanda ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, a tsakanin ɗaliban horon malanta ya faro a nan Kafanchan. Bayansa aka yi na Zangon Kataf a 1992, aka yi na bayan zaɓen 2011. Tun daga nan unguwanni suka rarrabu, yaro ya tashi bai san cikin gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga Jama'a da Kaura da Kachiya da Sanga da Zangon Kataf suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya a Kafanchan. Madalla da wannan aiki. Amma dattawa ne suka sa hannu, yaran da za su riƙe alkawarin kuwa a hannunmu za a danƙa su, mu malaman gobe.

Ni kaina na ɗanɗana abin da nake faɗa. Abokin kwanana mutumin Kagoro ne. Ya matsa mini in bi shi gida bikin Afan, wanda suke yi ran 1 ga Janairu. Na tafi gabana yana faɗuwa, saboda maganganun da na tashi ina ji. Da muka isa, mahaifiyarsa ta sa aka kira Musulmi ya yanka kazar da za a dafa mini, ta kuma ajiye mini buta da tabarma tun ban tambaya ba. Wallahi kunya ta kama ni. Da Babbar Salla shi ma ya zo gidanmu, tsohuwata har yanzu ɗanta take ce masa. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, ina kuɗin? Wannan musaya ba ta bukatar fasfo, kuɗin mota zuwa Zonkwa ko Manchok ya isa. Wani kuma zai ce ai akwai bautar ƙasa, wadda Janar Gowon ya kafa a 1973 don wannan manufa. Gaskiya ne, amma tana kai mutum jiha mai nisa bayan ya girma, alhali maƙwabcinsa ne bai sani ba.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwaleji da ƙungiyar ɗalibai abu uku. Na ɗaya, a lokacin koyon aikin koyarwa a tura kowa garin da ba na ƙabilarsa ba, ya sauka a gidan mutane. Na biyu, kowane hutu a haɗa ɗalibai biyu biyu, su yi mako ɗaya a gidan wannan, mako ɗaya a gidan wancan, da yardar iyaye. Na uku, duk wanda ya dawo ya rubuto abin da ya gani a wannan mujalla, har da gaisuwa da kalmomi goma na harshen masu masaukinsa.

In mun yi haka, ran da wani gari na ƙetare ya nemi abota da Kafanchan, za mu tarye shi muna tsintsiya ɗaya, muna da abin da za mu koya masa, ba roƙo kaɗai ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.