Wa za a tambaya game da abin hawa?

A da, in mutumin Yekuwa zai ci kasuwar Magariya, jaki yake hawa ko amalanke. Yau ga kabu-kabu. Ga kuma babur mai ƙafa uku da ake kira adaidaita sahu, wanda ya yawaita a birnin Damagaram. Sunan nan daga Kano ya fito, inda gwamnatin Ibrahim Shekarau ta kawo baburan a shekarar 2005.

Wanne ya fi dacewa da mutanen karkara? Samari suna ta gardama a kan haka a WhatsApp da Facebook. Wani ya ce kabu-kabu ya fi sauri. Wani ya ce adaidaita sahu ya fi ɗaukar kaya. Wani kuma ya ce rairayi yana riƙe shi, sai an tura.

Wannan gardama tana da amfani. Ko wanda bai iya rubutu ba yana iya aika saƙon murya. Cikin yini guda magajin gari zai ji bakin mutane da yawa, har da ƴan ci-rani da ke Kano ko Agadas.

Amma masu salula ba su ne dukan jama'a ba. Tsohuwa mai kai ƙuli-ƙuli kasuwa ba ta da babbar waya. Mai amalanke ba ya da kuɗin sayen intanet. Mace mai ciki da ake kaiwa likita cikin dare ita ta fi kowa sanin wahalar hanya, amma ba a jin muryarta a Facebook. Kuma mutum ɗaya yana iya aika saƙo goma, a ɗauka mutum goma ne.

Maganar abin hawa maganar abinci ce. A shekarar 2013 aka hana ƴan acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano, dubban samari suka koma neman wata sana'a.

Saboda haka, kafin hukuma ta yanke shawara, ta saurari salula, sa'an nan ta tashi ta tafi kasuwa, da bakin rijiya, da ƙofar maigari. Ta tambayi mata da tsofaffi baki da baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Tambayoyi
1. Daga ina sunan adaidaita sahu ya fito?
2. Su wa ne ba a jin muryarsu a salula?