WA YA KASHE TSOHO DA GEMU?

Yau da ƙorafi na zo, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A ƙasar Japan akwai wani wasa da suke kira kigurumi. Baligi da hankalinsa zai samo kan roba mai dara-daran idanu ya kifa a kansa, ya sa matsattsun kaya masu launin fata, ya koma sak ƴar katun ɗin talabijin. Ba ya ko magana, sai nuni da hannu. Shin an kore su? Ina! Tun 2003 birnin Nagoya ke shirya gagarumin taron masu shigar katun, ana zuwa daga ƙasashen duniya. Yaranmu kuwa suna kwance da waya suna kallon Naruto, mu kuma muna cewa wayewa ce.

To mu ba mu da namu ne? Muna da tashe mana! Da azumi ya kai goma, an sha ruwa, sai yara su fito. Wannan ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma ya yi doro, ya dafa sanda, ga Tsoho Da Gemu. Wancan ya rataya layu da saiwoyi, ga Jatau Mai Magani. Ga Macukule, ga ƴanmata da nasu. Mu nan Funtua da Malumfashi da Bakori, ƙasar auduga, ko kwabo yaro bai kashewa a kan gemu. A zuba masu dawa ko masara a ƙwarya, kowa ya yi dariya.

Kuma wallahi namu ya fi nasu. Nasu bebe ne, ado kawai. Namu yana da baki: ya zolayi gwauro, ya kunyata marowaci, ya tuna wa mai hali haƙƙin tsoho. Wa'azi ne cikin raha.

Amma dubi yadda muka yi da shi. Wasu sun ce ƙauyanci ne, wasu sun ce bara ce. A azumin 2024 ƴan sandan Kano suka hana shi ɗungurungum, saboda ƴan daba na fakewa da shi suna ƙwacen waya. Na yarda akwai ɓata-gari. Na kuma san tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, babu uwar da hankalinta ke kwanciya ɗanta na waje da dare. Amma don ɓera ya shiga rumbu sai a cinna wa rumbun wuta? Ɗan daba ya yi laifi, an hukunta yaro mai gemun auduga. Haba jama'a!

Gyaran ba wuya. Masu unguwanni su sa lokaci, daga shan ruwa zuwa isha'i, kowa a layinsu, babba ɗaya na biye da su. Wanda aka gani da wuƙa ko gora a miƙa shi ga hukuma. Makarantu su sa gasar tashe da rana. Mu mata kuwa, mu da ke ɗinka tsumman, mu daina koro su daga zaure.

In muka yi sake, jikokinmu sai sun sayi fuskar roba daga Japan kafin su yi wasa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ganar da mu, amin.