Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jama'a, lokaci ya yi da za mu daina yaudarar kanmu game da mashayin giya a garin Jos. Mun iya zaginsa, mun iya yi masa dariya in ya faɗa kwata, amma kai shi asibiti ya gagare mu. To, me ya hana?

Abu na farko kunya da sabo. A gidajenmu na Hausawa, in magidanci ya kamu da barasa, sai a saki labule a ce sammu ne, don kada 'ya'yansa mata su rasa manema. A wasu unguwannin kuwa an ɗauki burkutu tamkar kunu, abin shan gona da biki, saboda haka ba a ganin mai kwana a mashaya mara lafiya ne, har sai goskolo ta cinye masa hanta.

Na biyu rashin sani. Da yawanmu mun ɗauka faɗa da ɗauri sun wadatar. Alhali wanda jikinsa ya riga ya saba da giya, in aka yanke masa ita farat ɗaya, cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya kamuwa da karkarwa da gane-gane da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Mu kuwa sai mu ce aljanu ne, mu nufi gidan mari. Ashe mun manta da mutum wajen 300 da 'yan sanda suka kuɓutar a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa?

Na uku talauci. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma mun laƙaba wa irin wannan sashe sunan "asibitin mahaukata", mun sa kowa na gudunsa. Wanda ya daure ya je, aljihunsa ne zai biya, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani a Nijeriya daga hannun majinyata yake fita. Likitocin wannan fanni kuma ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200.

Hukuma ma ba ta fita ba. Dokar mahaukata ta 1958 ce ta yi ta aiki har 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasar leda. Madalla. Amma hana sayarwa ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Don haka muna kira da a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su riƙa tambaya da tura mashaya wurin likita, gwamnatin Filato kuma ta rage musu kuɗin jinya. Limamai da fastoci su ci gaba da wa'azi, amma su haɗa da nuna hanyar asibiti. Mu kuma ɗalibai, mu koma gida mu ɗaga labulen nan, tun mai ciwon yana da sauran hanta.