Tsintsiya da Tukunya: Darasi Daga Gundumar Cork

Yau alƙalamina zai ƙetare teku zuwa ƙasar Ireland, zuwa wata gunduma da ake kira Cork a kudancin ƙasar, domin akwai abin da ƙananan garuruwanta suke yi wanda nake ganin ya shafe mu.

A shekarar 1958 hukumar yawon buɗe ido ta Ireland, wato Bord Fáilte, ta ƙirƙiro gasar tsaftar garuruwa mai suna Tidy Towns. Garuruwa 52 ne suka shiga a shekarar farko, amma a 'yan shekarun nan masu shiga sun haura 800. Mutanen gari ne ke kafa kwamiti na 'yan sa-kai, su share tituna, su yi fenti, su dasa furanni, ba tare da an biya su ko sisi ba. Da bazarar can alƙalai sukan zagaya gari-gari, su ba da maki, sannan su rubuta wa kowane kwamiti rahoto: ga inda kuka yi kyau, ga inda kuka gaza. Ba shara kaɗai ake dubawa ba. Ana duba gine-gine, da itatuwa, da hanyoyin shiga gari, da kuma yadda jama'a suka haɗa kai.

Gundumar Cork ta sha ɗaukar kofin. Garin Kinsale na bakin teku, mai mutum kusan 6,000, ya zo na ɗaya a faɗin ƙasa a 1986. Clonakilty ya ci a 1999, Ballincollig kuma a 2024.

To, abin lura shi ne, wannan yankin dai shi ne ya yi suna wajen abinci. Tun shekarun 1970 masu gidajen abinci na Kinsale suka haɗa ƙungiya ɗaya, suna tallata garin baki ɗaya maimakon kowa ya ja nasa, har garin ya shahara da bikin abinci na shekara-shekara. Kamfanin Michelin na Faransa, wanda direbobinmu suka sani da taya, yana da kundin da yake bai wa fitattun gidajen abinci taurari, daga ɗaya zuwa uku. A 2018 gidan abinci na Chestnut da ke Ballydehob, ƙauyen da mutanensa ba su kai 500 ba, ya sami tauraro. Bastion na Kinsale ya bi baya a kundin 2020.

Ban ce tsintsiya ce ke dafa miya ba. Amma ra'ayina shi ne tsintsiya da tukunya tafiyarsu ɗaya. Babu mai tuƙa mota tafiya mai nisa domin ya ci kifi a bakin kwata mai wari. Tsaftar gari ke tsayar da baƙo, abinci ke sa ya kwana, kuɗinsa kuma ya shiga aljihun masunci da manomi da mai masauki.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne Ahmet Dede, mutumin Turkiyya da ya zauna a Baltimore, wani ƙaramin ƙauyen masunta a yammacin Cork. A 2020 ya buɗe gidan abincinsa, yana dafa kifi da nama da ganyen yankin da salon girkin ƙasarsu. Ya sami tauraro ɗaya a 2021, na biyu a 2023. Baƙo ne kamar ni da kai. Bai yar da girkin gidansu ba, bai kuma riƙe ƙauyen a matsayin zangon kwana biyu ba. Yau idan ana maganar Baltimore, sai an ambaci sunansa.

A nan ne gizo ke saƙar. Mu kan ce baƙo raɓa ne, kuma wannan karin maganar ta yi mana illa. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take. Akwai waɗanda aka haifi kakanninsu a Agege. Duk da haka za ka ga mutum ya gina gida mai kyau a garinsu can Arewa, wanda yake kwana a ciki sau ɗaya a shekara, amma kwatar ƙofar shagonsa, inda yake wuni kullum, ta toshe da leda. Alhali abinci ne sana'ar da aka fi saninmu da ita a Kudu: tsire, kilishi, shayi, tumatir, albasa, shanu. Kuma mun ga abin da ƙazanta ke jawowa. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Legas ta rufe kasuwar Mile 12 saboda batun tsafta, kowa kuma ya san halin kwandon tumatir idan aka hana shi kasuwa.

Wani zai ce, "Malam, su fa Turawa gwamnati na kwashe musu shara." Ko ma yaya ne, dole mu ci gaba da neman haƙƙinmu a ƙananan hukumomin da ke karɓar harajinmu. Sai dai mun gwada tsaftar dole tun zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, da bulala da tara. Da an ɗauke bulalar, sai shara ta dawo. Su kuwa mutanen Ireland sun haura shekara 60 suna yi, domin abin ya zama na alfahari: babu garin da ke son maƙwabcinsa ya fi shi maki.

Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin matasa ita ce a fara da ɗan ƙarami. A raba unguwa layi-layi, a naɗa alƙalai daga wata unguwar, a haɗa da 'yan gari. A duba kwata, da wurin zuba shara, da teburin mai tsire da mai shayi. A rubuta makin kowa a sanar a bainar jama'a bayan Sallah, a ba da kyauta ko da buhun shinkafa ne. A shekara ta gaba a sake, domin sannu ba ta hana zuwa.

Inda kake neman abincinka, nan ma gida ne. Allah Ya sa mu dace, amin.