GEMBU: GARIN DA ZUMUNTA KE HAWAN DUTSE

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A yawancin garuruwan ƙasar nan wannan magana ta zama ta fatar baki kurum, gama mota da babur da wayar hannu sun ɗauke wa ƙafa aikinta. Amma akwai wani gari can kusurwar kudu maso gabashin Jihar Taraba inda har gobe karin maganar ke nan da ma'anarta ta ainihi, watau Gembu, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, a bisa tsaunin Mambila. A can, wanda duk ya ce zai tafi ya gai da gwaggonsa a ƙauye, to, ya san zai gangara kwari ya hau tudu, ya sake gangarawa ya sake hawa, kafin ya yi sallama a ƙofar gidanta.

Tun daga hanyar zuwa mai karatu zai fara gane irin ƙasar da ake magana. Wanda ya taso daga Jalingo sai ya bi ta Bali, ya wuce Serti, ya iso Mayo Selbe a gindin dutse, zafi na dukansa kamar ko'ina a kwarin Binuwai. Daga nan sai hanya ta miƙe tsaye, tana lauje tana murɗewa, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfin gaske a ɗaya hannun. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi. Mutanen wurin suna cewa sunan ya samo asali ne daga ladan da akan biya 'yan dako a zamanin Turawa, sule biyu da sisi, domin su hau da kaya a ka. Akwai kuma Tungar Ahmadu, inda ake cewa Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yada zango sa'ad da ya ziyarci ƙasar. Kafin mota ta ƙare hawan, fasinjan da ya tashi yana fifita da hularsa ya fara laluben rigar sanyi. A sama sai Maisamari, sai Nguroje, sa'an nan Gembu. Tsayin tsaunin gaba ɗaya ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku, watau ya ɗara ƙafa 5,000.

Baƙo yakan zaci in ya gama hawan nan ya huta, zai tarar da fili shimfiɗaɗɗe kamar na Kano ko Katsina. Ina! Saman Mambila tuddai ne masu koriyar ciyawa, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, kowane tudu da kwarinsa, kowane kwari da rafinsa. Ruwan sama kuwa yakan ɗauki fiye da rabin shekara yana zuba, jar ƙasar wurin ta koma santsi kamar an shafa mata sabulu. Saboda haka ba a auna nisa da mil a wannan ƙasa, da sa'o'i ake aunawa, kuma awon rani daban, na damina daban. Mutum na iya tsayawa a ƙofar gidansa ya hangi rufin kwanon gidan ƙanwarsa a tudun da ke fuskantarsa, har ya ga hayaƙin girkinta yana tashi, alhali kuwa tafiyar da ke tsakaninsu ta isa ta cinye masa hantsi. Tsofaffin motocin nan ƙirar Land Rover, waɗanda aka daɗe da mantawa da su a sauran wurare, a Mambila suka sami wurin ƙarasa rayuwarsu, suna nishi da buhunan masara. Babura sun rage wahala ƙwarai. Duk da haka akwai inda babur ke sallamawa, akwai kuma mashigin Kogin Donga inda akan ɗora shi kansa babur ɗin a kwalekwale a ƙetare da shi.

Abin lura shi ne yadda wannan wahalar hanya ta gyara wa ziyara zama. A birni mutum yakan leƙa gidan ɗan'uwansa da mota tana ruri a waje, ya ce sauri yake yi. A Mambila babu leƙe. Wanda ya yi tafiyar sa'a uku a ƙasa ba zai sha ruwa ya juya ba, maigida ma ba zai yarda ba. In baƙo ya fara gyaran murya zai yi sallama da la'asar, sai dattijuwar gidan ta dubi sama ta ce, "Haba ɗana, da wannan hadarin za ka kama hanya? Kawunka ma bai dawo daga gona ba." Shi ke nan, kwana ya kama shi. Da yake sanyi ba ya barin a yi hira a dandali ko a gindin bishiya kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, cikin ɗaki ake taruwa a kewaye wuta, ana gasa masara, ana kurɓar shayi, yaro da babba a wuri guda. Maganar aure, da ta gado, da ta iyakar gona, da ta yaron da za a tura makaranta, duk a irin wannan zama ake warware su, domin akwai lokaci, kuma babu inda za a tafi.

Ba a zuwa hannu rabbana, ba a kuma komawa haka. Mai zuwa daga gari yakan riƙo gishiri da sabulu da sukari; mai komawa a cika masa jaka da gwaza, ko ayaba, ko fiya, ko kwalbar zuma, in kuwa ruga ya je, man shanu. Kowa ya san kayan nan a kansa za su hau tudu, shi ya sa ƙaramar tsaraba ke da nauyi a zuciya fiye da yadda take da shi a kasuwa. Sai kuma rakiya, wadda a can ba ta tsayawa a bakin zaure. Akan taka wa baƙo har rafi, ko har kan tudun da za a iya hangen inda ya nufa, kuma sau da yawa maganar da ta kawo shi ba ta fitowa sai a wannan 'yar tafiya, inda babu kunne na uku.

Ma'aikacin gwamnati da aka yi wa canji zuwa Gembu, malamin makaranta ne ko na asibiti, yakan ɗauki abin kamar horo. Watan farko ba ya da zance sai na sanyi da nisan gida. Amma da yawansu in lokacin tashi ya yi sai ka ga suna jan ƙafa, dalili kuwa shi ne sun sami wani ma'aunin aboki wanda ba su da shi a da. Wanda ya ji ba ka da lafiya ya ratso ruwa da taɓo ya zo duba ka, ba ya bukatar ya rantse maka cewa yana ƙaunarka.

Zumuncin Mambila bai san iyakar ƙasa ba, tarihi ne kuwa ya jawo haka. Yankin yana cikin ƙasar Kamaru ta Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan ya koma riƙon Ingila. A ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi shiga Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, kudancin kuwa ya bi Kamaru. Daga baya Mambila ta shiga Jihar Gongola a 1976, kana Taraba a 1991. Layin da aka ja ya ratsa tsakiyar dangi. Akwai Mambilawa a ɓangarorin biyu, akwai Fulani masu 'yan'uwa a wajen Banyo, ga kuma Kaka da Kambu da Panso, waɗanda ke da dangi birjik a tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru. Lokacin da rikici ya ɓarke a yankin Kamaru mai magana da Turancin Ingilishi daga 2016 zuwa 2017, mutane da yawa suka gudo Ƙaramar Hukumar Sardauna, kuma turbobin da suka biyo su ne waɗanda iyayensu suka saba bi zuwa biki da ta'aziyya. Da dama daga cikinsu ƙofar dangi suka fara ƙwanƙwasawa kafin hukuma ta san da zuwansu.

A 'yan shekarun nan an sami wani sabon iri na masu tafiyar ƙasa, watau samari da 'yan mata daga Legas da Abuja da ke zuwa musamman domin hawan dutse. Abin da ke jawo su shi ne Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya. Yana kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti wanda aka mai da na tarayya a 1991, kuma zuwa ƙololuwarsa da dawowa tafiyar kwanaki ce. Waɗansu kuma su tsaya kurmin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, ko gonar shayi ta Kakara. Sukan zo da takalma na musamman da sanduna na ƙarfe da jakunkuna masu aljihu goma sha. Ba laifi in mutanen ƙauye sun yi murmushi, gama abin da baƙon ya biya kuɗi ya zo yi, shi tsohuwa ke yi kowace ranar kasuwa da kwandon gwaza a ka da silifas a ƙafa. Amma zuwan nasu alheri ne: ɗan jagora ya samu, mai babur ya samu, mai masauki ya samu, kuma 'yan ƙasa sun fara sanin ƙasarsu. Abin da ya kamace su kawai shi ne su nemi izinin hukumar gandun daji, su gai da mai gari kafin su wuce, su kuma biya mai ɗaukar musu kaya abin da ya fi biyu da sisi na wannan zamani.

To, sai dai akwai abin da ke cin wannan zumunci ta ƙarƙashi, kuma a kan turba yake farawa. Wani Bature mai nazarin al'adu, Farnham Rehfisch, wanda ya zauna a Warwar a 1953, ya rubuta yadda Mambilawa ke gasar kyauta tsakanin aboki da aboki, kowa na ƙoƙarin ya mayar da fiye da abin da aka yi masa. Irin wannan amana ta ƙullu kuma tsakanin manomi da makiyayi. Da yake tsaunin ba shi da ƙudan tsando, ga ciyawa ga ruwa, Fulani suka hau da shanu masu yawa tun wajen shekarun 1940. Gidaje da dama na manoma suka sami aminai a ruga, ana musayar masara da nono, ana ba da amanar saniya, ana halartar sunan juna, Fulatanci ya zama harshen kasuwa ga kowa.

Amma mutane suka ƙaru, shanu suka ƙaru, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Bayan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, masu hali, na gida da na waje, suka riƙa karɓar takardun mallakar manyan filaye suna kewaye su da waya mai ƙaya. Manoma kuma suka riƙa dasa bishiyar turare, domin katako da itacen wuta, da kuma domin ta tsaya musu shaida cewa wurin yana da mai shi. Kowa da hujjarsa. Abin da ba shi da mai kare shi ita ce 'yar turbar da ke ratsa tsakani, wadda ba ta cikin takardar kowa. In waya ta datse ta, tafiyar sa'a ɗaya ta koma biyu, tsoho ya daina zuwa, yaro ya tashi bai san gidan aminin ubansa ba. Aka yi tashin hankali a farkon 2002, aka sake yin wanda ya fi shi muni a watan Yuni 2017, inda aka yi asarar rayuka da dabbobi masu yawa, aka ƙone matsugunai, mutane suka yi gudun hijira. Rigimar ƙasa ce tushen abin, babu mai musun haka. Amma wutar ba ta saurin kamawa tsakanin mutanen da suka kwana a ɗakin juna makon jiya. Inda ziyara ta yanke, jita-jita ke maye gurbinta, kuma wayar hannu tana kai jita-jita tudu goma kafin mai gaskiya ya ɗaura takalminsa.

Gwamnatoci sun fi son manyan alkawura. Tun shekaru da dama ake zancen tashar wutar lantarki ta Mambila, wadda a da aka tsara za ta ba da megawat 3,050. A 2017 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da kwangilarta, har yau kuwa babu wanda ya kunna fitila da wutarta. Allah Ya sa a gani. Kafin nan akwai aikin da bai fi ƙarfin Ƙaramar Hukumar Sardauna ba. Ta tara sarakuna da jaurori da arɗo-arɗo, kowa ya faɗi tsofaffin turbobi da burtalolin da ke ƙasarsa tun dattawan da suka san su suna raye, a rubuta su, a sa su cikin taswira. Duk wanda za a ba takardar fili, ko za a sabunta masa, a ɗora masa sharaɗin barin ƙofa a inda turba ta ratsa. Rafukan da ke raba ƙauyuka da damina kuma a yi musu kadarko na katako, tun da itacen turare ba ya wuya a Mambila, aikin gayya kuwa mutanen wurin ba sai an koya musu ba. Lokacin yin wannan aiki shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da rafuka suka janye, kafin ruwan farko ya sauka.