Amurka: majalisar jaha ke yanke shawara, gunduma ke ɗaukar kayan

Tun daga ranar 1 ga watan Disamban 2024, duk wanda aka kulle a gidan kason wata gunduma ta jahar Karolina ta Arewa bisa zargin babban laifi, wajibi ne masu gidan kason su binciki matsayin takardunsa. Idan hukumar shige da fice ta ICE ta nemi a riƙe mata shi, sai an kai shi gaban jami'in shari'a na jaha, wanda zai ba da umarnin a ci gaba da tsare shi har tsawon awa 48. Dokar da ta kawo wannan, mai lamba HB 10, ba daga Washington ta fito ba. A Raleigh, babban birnin jahar, aka yi ta. Gwamnan lokacin, Roy Cooper, ya hau mata kujerar naƙi, amma ƴan majalisa suka tara ƙuri'un da suka isa suka tsallake shi a watan Nuwamban 2024.

Labarin ya shafe mu kai tsaye. Birnin Greensboro, da ke gundumar Guilford a wannan jaha, na cikin wuraren da ƴan Nijar suka fi taruwa a Amurka. Yawancinmu idan ana zancen siyasar ƙasar, shugaban ƙasa kawai muke kallo. Alhali gidan kaso, ofishin taimakon marasa ƙarfi, ginin makarantar yara da harajin gida duk suna hannun abin da Amurkawa ke kira kawunti, wato gunduma. Ita kuma gunduma tana tafin hannun majalisar dokokin jaha.

Amurka na da gundumomi sama da 3,000, Karolina ta Arewa kaɗai na da 100. Kusan kowace na da majalisarta da jama'a ke zaɓa, kusan kowace kuma na da babban jami'in tsaro da ake kira sherif, wanda shi ma da ƙuri'a yake hawa. Sai dai kundin tsarin mulkin ƙasar bai ambaci gunduma ko sau ɗaya ba. Tarayya da jahohi kawai ya sani. Tun a 1868 wani alƙali na jahar Iowa, John Dillon, ya kafa ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: ƙaramar hukuma ba ta da iko sai wanda jaha ta ba ta, kuma mai bayarwa na iya karɓewa. Kotun ƙolin Amurka ta ƙarfafa wannan fahimta a 1907. Jahar Connecticut ma soke gwamnatocin gundumominta ta yi ɗungurungum a 1960.

Akwai wani hukunci da ke fito da abin fili. A 1997 kotun ƙoli ta yanke cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tilasta wa sherif na gunduma ya aiwatar mata da shirinta. Wani sherif daga jahar Montana, Jay Printz, na cikin waɗanda suka kai ƙarar, kuma a kan binciken masu sayen bindiga ne. Ke nan shugaban ƙasa, duk ƙarfinsa, ba zai iya ba sherif na Guilford umarni ba. Majalisar Raleigh kuwa tana iyawa. Wannan ne ya sa rikicin baƙi a Amurka ya koma zaurukan majalisun jahohi.

A zaɓen 2018 masu ƙuri'a a manyan gundumomin Karolina ta Arewa sun zaɓi sababbin sherif da suka yi alƙawarin rage hulɗa da ICE. Garry McFadden na gundumar Mecklenburg, inda birnin Charlotte yake, yana hawa ya soke yarjejeniyar da ke tsakanin ofishinsa da hukumar. Hujjar irin waɗannan jami'ai ita ce takardar neman riƙe mutum da ICE ke aikowa ba alƙali ke sa mata hannu ba, kuma in aka tsare wani ba bisa ƙa'ida ba, gunduma ce za a maka a kotu. Ba tsoron banza ba ne: a 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce ana iya kama gundumar Lehigh ta jahar Pennsylvania da laifi, bayan ta tsare wani haifaffen Amurka na kwanaki saboda irin wannan takarda. Hujja ta biyu ita ce, in baƙi suka ɗauki ɗan sanda tamkar jami'in korar baƙi, matar da mijinta ke duka ba za ta kira shi ba, wanda aka yi wa fashi ma zai haɗiye. Ƴan Republican masu rinjaye a majalisa suka ce wanda ake zargi da babban laifi bai kamata a sake shi a ɓace ba, kuma doka ɗaya ya dace ta yi aiki a gundumomi 100. Sun gwada a 2019 da 2022, gwamna ya tare. A karo na uku suka ci. A 2025 suka ƙara wata dokar da ta faɗaɗa jerin laifuffukan, sabon gwamna Josh Stein ya ƙi sa hannu, shi ma aka tsallake shi a watan Yuli.

Mazauna Greensboro na daɗewa sun ga irin wannan tun 2015. Wata ƙungiyar agaji ta birnin, FaithAction, ta ƙirƙiro katin shaida ga waɗanda ba su da na gwamnati, ƴan sandan birnin kuma suka yarda da shi. Majalisar jaha ta yi dokar da ta taƙaita karɓar irin wannan kati da na ofisoshin jakadanci, ta kuma haramta wa birane da gundumomi kafa dokokin kare baƙi marasa takardu.

Kada mai karatu ya ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne. A jahar New York, inda ƴan Democrat ke da rinjaye, majalisa ta yi dokar da ta ba marasa takardun zama damar samun lasisin tuƙi a 2019. A gundumomi da yawa na arewacin jahar, zaɓaɓɓen magatakardan gunduma ne ke riƙe da ofishin lasisi, wasunsu kuma suka ce ba za su yi ba. Na gundumar Erie, Michael Kearns, ya garzaya kotun tarayya, aka kori ƙararsa. Kaliforniya ma tun 2017 ta taƙaita wa duk sherif ɗinta taimaka wa ICE, ko da mutanen gundumarsa na so. A shekarar ce Texas ta yi akasin haka, har da tanadin tsige jami'in da ya ƙi ba da haɗin kai. Kowace jam'iyya na yabon ƴancin ƙananan hukumomi a inda ba ta da mulkin jaha, ta manta da shi a inda take da shi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Abin lura ga ɗan ci-rani shi ne, mutum biyu masu matsala iri ɗaya, ɗaya a Bronx ɗaya a Greensboro, dokoki biyu daban ke kansu.

Batun kuɗi ya fi na baƙi nauyi a kan gundumomi, ko da yake ba shi ke cika kanun labarai ba. Babbar hanyar samun kuɗin gunduma ita ce harajin gidaje da filaye, sai wani kaso na harajin saye da sayarwa. A Karolina ta Arewa gunduma ba ta ƙirƙiro sabon haraji sai da izinin majalisar jaha. Mecklenburg ta daɗe tana son tambayar mutanenta ko sun yarda a ƙara kashi 1 cikin 100 don hanyoyi da sufuri, amma ko ƙuri'ar jin ra'ayin ba ta iya shiryawa ba sai da Raleigh ta amince a 2025. A Texas wata dokar 2019 ta ce gunduma ba za ta ƙara abin da take tarawa daga harajin gidaje da fiye da kashi 3.5 cikin 100 a shekara ba, sai ta koma ga masu ƙuri'a. Mai gida ya ji daɗi. Amma dokar ba ta rage yawan fursunonin da gunduma za ta ciyar ba, ba ta kuma rage kuɗin lauyoyin da dole a ɗaukar wa talakan da aka gurfanar ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Majalisa na iya ɗora aiki ba tare da ta aiko da isassun kuɗinsa ba, kuma ba ita za a zaga ba. Lokacin da Karolina ta Arewa ta faɗaɗa inshorar lafiya ta Medicaid a watan Disamban 2023, mutane fiye da 600,000 suka shiga. Ci gaba ne babba, musamman ga masu aikin da ba ya zuwa da inshora, irin su tuƙi, kitso da ɗaukar kaya a rumbunan ajiya. Sai dai tantance kowace takardar neman shiga aikin ma'aikatan gunduma ne. Haka tallafin abinci na SNAP: dokar tarayya ta watan Yulin 2025 ta ɗaga kason jahohi na kuɗin gudanar da shirin daga kashi 50 zuwa 75 cikin 100, a wannan jaha kuwa gundumomi ne ke biyan wannan kaso. In majalisa ba ta cike giɓin ba, sai dai gunduma ta ƙara harajin gida ko ta rage wani aiki. Mai haya ma ba ya tsira, domin mai gida cikin kuɗin haya yake zuba harajin.

Makarantu ma haka suke: jaha ke biyan ainihin albashin malamai, gunduma ke gini da gyara, ta kuma ɗora wa malamai ɗan ƙari gwargwadon ƙarfinta. A 2022 mutanen Guilford sun amince a ciwo bashin dalar Amurka miliyar 1.7 don gyaran makarantu, amma a rana guda suka ƙi ƙarin harajin da zai taimaka wajen biyansa. Shi ya sa ba duk laifin ke kan majalisa ba. Akwai kuma abubuwan da ya dace jaha ta daidaita, don kada haƙƙin mutum ya dogara ga inda iyakar gundumarsa ta tsaya. Matsalar tana farawa ne lokacin da majalisa ta shiga soke zaɓin mutanen wata gunduma don kawai bai yi mata daɗi ba. A 2011 ta sake zana mazaɓun majalisar Guilford, ta rage kujeru daga 11 zuwa 9. A 2023 ta Texas ta yi dokar da ta soke ofishin mai kula da zaɓe a gunduma ɗaya tak, Harris, inda birnin Houston yake.

Mai karatu a Maradi ko Damagaram ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba, tunda a watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jahohin Nijar aka naɗa kantomomi. Bambancin shi ne a Amurka ba a cika rusa majalisar gunduma ba. Barinta ake yi a zaune, a riƙa zare mata iko doka bayan doka, kotu kuma ta ce jaha na da hurumi.

A Karolina ta Arewa sai da kashi uku cikin biyar na ƴan majalisa ake tsallake kujerar naƙin gwamna. Bayan zaɓen 2024 ƴan Republican na da kujeru 30 cikin 50 a majalisar dattawa, da 71 cikin 120 a ta wakilai, wato saura kujera ɗaya su kai 72 da ake buƙata. Ƙuri'ar wata ƴar Democrat daga Mecklenburg, Carla Cunningham, ce ta cike musu giɓin a dokar 2025. A watan Nuwamban 2026 dukkan kujerun 170 na kan takardar zaɓe, tare da kujerun sherif na gundumomin jahar, kuma ƴan Nijar da suka samu takardar zama ƴan ƙasa na cikin masu jefa ƙuri'a.