Tafkin Kainji: Su wa ke kwana a dajin da aka keɓe wa masu yawon buɗe ido?

Duk lokacin da aka yi bikin Rigata a Yauri, jawabin manyan baƙi ba ya rasa maganar yawon buɗe ido. Ana tseren kwale-kwale, Gungawa su nuna gwanintarsu a ruwa, jama'a su cika bakin Kogin Kwara. Amma da la'asar ta yi sai ayarin motoci su kama hanyar Birnin Kebbi tare da rakiyar jami'an tsaro.

Kuɗin yawon buɗe ido kuwa yana wurin baƙon da ya kwana. Shi ne zai kafa tanti a inuwar ɗorawa ko kanya, ya sayi gasasshen kifi wurin matan Sarkawa, da safe ya ɗauki hayar jirgin da zai kai shi tsibiri.

An taɓa yin hakan a wannan yanki. A ƙarshen shekarun 1970 aka haɗa gandun Borgu da na Zugurma suka zama Gandun Dajin Tafkin Kainji, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000 a jihohin Neja da Kwara. A cikinsa akwai sansanin baƙi na bakin Kogin Oli, inda ɗalibai da Turawa kan kwana don ganin dorina da gwanki da gogo. Yauri da Ngaski da Shanga ba sa cikin gandun, amma ruwa ɗaya suke sha da shi, kuma abin da ya shiga dajin ba ya daɗewa bai iso su ba.

Yanzu masu yada zango a dajin wasu ne daban. A 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoton cewa masu iƙirarin jihadi daga yankin Sahel na shigowa gandun ta iyakar Jamhuriyar Benin. Mazauna Borgu kuma sun daɗe suna kokawa da ƙungiyar da ake kira Mahmuda. Duhuwar itatuwa da wadatar ruwa da nisa daga gari, waɗanda suka jawo masu hutu a da, su ne dai suka dace da mai neman maɓoya.

Mutanen Yauri ba sa buƙatar rahoton Turawa kafin su san haka. A ranar 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan sai da suka kusan shekara biyu a hannun 'yan bindiga. A Nuwamban 2025 kuma aka sace ɗaruruwan yara daga makarantar St. Mary's da ke Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara, can tsallaken kogi. Uban da ke fargabar barin ɗansa a makarantar kwana mai katanga, da wuya ya kai iyalinsa kwana a tanti.

Ruwan ma da nasa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shanye garuruwa da dazuzzuka, kututturan itatuwan kuma suna nan a ƙarƙashi suna fasa jirage. Hatsarin jirgin Warrah na 26 ga Mayun 2021, wanda ya ci gomman rayuka, bai gushe a zukatan mutanen Ngaski ba.

A Mayun 2025 Shugaba Tinubu ya amince da ɗaukar dakarun tsaron daji. Mataki ne mai kyau, sai dai gandun na Gwamnatin Tarayya ne, ƙauyukan da ke kewaye da shi kuma na jihohi uku, kuma ɗan bindiga ba ya tsayawa a kan iyaka ya nemi izini.

Abin da Kebbi za ta iya yi da kanta bai kai wannan girma ba, amma yana hannunta: ta keɓe fili guda a gaɓar Yelwa kusa da gari, ta hana masu gawayi sare itatuwansa, ta sa fitila da makewayi da ofishin 'yan sandan ruwa, ta tilasta sanya rigar kariya a jiragen haya. Baƙin farko ba daga Legas ko Turai za su zo ba. 'Yan makarantun Yauri ne da iyalan da ke dawowa gida hutun Sallah.